Tocila goma a kwali, duhu a ƙofar gida

Da wuya ka shiga gida a nan Sabo ka rasa wani kwali ko tsohuwar roba da aka cika da tociloli. Wata gilashinta ya fashe, wata makunninta ya maƙale, wata kuma batir ya yi ruwa a cikinta har ƙarfen ya yi tsatsa. Ba a zubar da su, kullum ana cewa za a kai wa mai gyara. Amma daren da aka ɗauke wuta, ruwa na zuba, ana so a raka mai naƙuda bakin titi a samo mota, sai ka ga duk kwalin babu guda ɗaya da za ta kama. Ƙarshenta hasken waya ake kunnawa, ita ma cajinta ya kusa ƙarewa. Yawancin abin da ke cika kasuwa ba a yi shi don ya daɗe ba, shi ya sa kwalin ke cika. To, wace tocila ce ta dace da mu, kuma guda nawa gida ke buƙata?

Mu dai mutanen dare ne da asuba, sana'o'inmu ne suka sa. Da aka kafa unguwar nan a 1916, cinikin goro da na shanu ne suka zama ƙashin bayanta, kuma motar kaya daga Arewa ba ta da lokacin isowa. 'Yan dakonmu a Bodija sukan sauke buhuna tun gari bai waye ba. Masu kula da dabbobi a kara ta Akinyele sukan zagaya da tsakar dare. Ga mai shayi, ga mai tsire, ga maigadin da albashinsa ya dogara ga abin da idonsa ya gani cikin duhu. Ga kuma dattawanmu da ke fita masallaci da asuba ta lungunan da kwata ke buɗe. A wurinmu tocila kayan aiki ce, kamar wuƙar mahauci.

Iyayenmu sun fara da aci-balbal da fitilar ƙwai, daga baya tocilar ƙarfe ta zo, mai cin manyan batura biyu ko uku. Wanda ya girma a wancan lokaci ya san batir ɗin Tiger Head mai hoton kan damisa, ya kuma san yadda ake shanya shi a rana wai don ya ƙara kwana ɗaya. Fitilar goshi ma ba yau ta fara ba. Maharba a dazukan ƙasar Yarabawa sun daɗe suna ɗaura fitilar kabayid a goshi, wadda ruwa ke ɗiga a kan sinadarin ya ba da iska mai kamawa da wuta. Abin da ya sauya komai shi ne ƙwan LED. Tsohon ƙwan mai siririyar waya a ciki, mafi yawan ƙarfin batir zafi yake mayar da shi, kaɗan ne ke zama haske. Da masana uku 'yan asalin Japan suka gano yadda ake yin LED mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990, aka samu hanyar yin farin haske mai cin batir kaɗan. An ba su kyautar Nobel a 2014 saboda wannan aiki. Shi ya sa yau 'yar tocila kamar yatsa take fin ta kakanninmu haske.

A ganinmu, guda uku masu aiki sun ishi gida, kowace da aikinta. Ta farko ita ce ƙarama ta aljihu, ta zuwa masallaci, ta zagayawa bayan gida, ta duba ƙarƙashin tabarma saboda kunama. Ba a buƙatar ta haska nesa, ana dai so ta kama duk lokacin da aka danna. Ta biyu ita ce fitilar goshi, ga duk wanda aikinsa ke cin hannu biyu: ɗan dako, mai faci, mahaucin da ke fiɗa da asuba, uwargidan da ke girkin sahur a tsakar gida. Wanda ya taɓa riƙe tocila da haƙori yana ɗaure buhu ya san darajarta. Ta uku ita ce babba mai jefa haske nesa, ta maigadi da 'yan sintiri da masu zagaya garke. Ita kam ba dole kowane ɗaki ya mallake ta ba. Gida mai 'yan haya da yawa, ko layi guda, za su iya haɗa kuɗi su sayi mai kyau guda ɗaya, a ajiye ta inda kowa ya sani.

In an je saye, ko a Ogunpa ko a Dugbe ko wajen masu tallan kan titi, abin da za a fara tambaya shi ne batir. Yawancin tocilolin caji masu araha, irin masu ƙafafu biyu da ake sokawa a bango, ƙaramin batir ɗin dalma ne a cikinsu, ɗan'uwan na mota. Halinsa shi ne in aka bar shi ya ƙare ƙarƙaf ya yi kwanaki a haka, ba ya sake riƙe caji kamar da. A garin da wuta kan yi kwanaki ba ta zo ba, ka ga ai ajalinsa a kusa yake. Kuma da yawa a rufe suke, in batir ya mutu tocilar ta mutu. Mun fi son wadda ake buɗewa a sauya batir. Akwai na litiyom da ake kira 18650, sunan ma daga girmansa aka samo shi, faɗi milimita 18, tsawo 65. Na gaskiya ƙarfinsa ba ya wuce wajen 3500 a ma'aunin mAh da ake rubutawa a jikinsa, nauyinsa kuma wajen giram 45. In ka ga an rubuta 9900, ka ɗaga ka ji shi sakayau, ajiye musu kayansu. Ga ta aljihu kuwa, mai cin ƙananan baturan rediyo ta fi kwanciyar hankali, don ko wane mai tireda yana da su.

Abu na biyu shi ne ruwa. Nan ba Katsina ba ce. Damina a Ibadan takan fara tun wajen Maris ko Afrilu, ba ta tafiya sai Oktoba, kuma waɗanda suka ga ambaliyar watan Agusta na 2011 sun san da daddare ruwa kan yi ɓarnarsa. Tocilar da ta yi shekara uku lafiya a Arewa tana iya mutuwa a damina ɗaya a nan, saboda laima kawai. A buɗe murfin baya a duba ko akwai siririn zoben roba a bakin zaren, shi ne ke hana ruwa shiga. In an rubuta IPX4 a kwali, ana nufin tana jure yayyafi da fantsamar ruwa. IPX7 kuma na nufin ko ta faɗa ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa ba za ta lalace ba. Ga maigadi da mai aiki a fili, wannan ya fi yawan haske muhimmanci.

Shi yawan hasken, da lumen ake auna shi, kuma nan ne masu kwali suka fi zuba ƙarya. Za ka ga 'yar tocila an rubuta mata dubbai. Tafiya a lungu da aikin hannu, lumen 100 zuwa 300 sun wadatar, fiye da haka batir kawai ake ƙonawa. Gara mai matakai, a rage in ana aikin kusa, a ƙara in ana duba nesa. A lura da launi ma. Haske mai ɗan ruwan ɗorawa ya fi nuna ainihin launin nama ko tumatir a kan fari fat mai shuɗi-shuɗi, kuma bai cika gajiyar da ido ba. Fitilar goshin da ke da jan haske tana da amfani da damina, lokacin da gina da sauran ƙwari ke rububin farin haske su cika wa mutum fuska. Kafin a biya, a danna makunni sau goma, a girgiza ta tana kunne. In hasken ya yi ƙyafta-ƙyafta a gaban mai shago, a lungu ma haka zai yi. Araha ba ta ado.

Akwai kuma ladabin haske, wanda ya fi shafar mu da muke zaune a garin wasu. Tocilar yanzu tana ɗauke ganin mutum na ɗan lokaci, kuma ba wanda ke son a dalle masa fuska, Bahaushe ne ko Bayarabe. Rigima da yawa ta dare daga nan take farawa. Wani dattijon maigadi a layinmu yakan ce wa yaran da ke sintiri: “Ku haska ƙafa, ku yi sallama. In mutumin kirki ne zai amsa, in ba shi ba ne ƙafarsa za ta gaya muku.” Wani yaro ya ce, “To Baba, in bai amsa ba fa?” Ya ce, “Sai ka ɗaga zuwa ƙirji, ɗana, ka ga hannunsa. Ido dai ka bar masa abinsa.” Mai fitilar goshi ya fi kowa buƙatar wannan, domin duk inda ya juya hasken na binsa. In za a yi magana da mutum, a sunkuyar da ita ko a kashe. Haka nan kada a haska direba ko ɗan acaba da ke tahowa, kada kuma a haska tagar mutane.

Kula da ita ba wuya. In za a ajiye tocila fiye da wata guda, a cire batura, don ruwansu ne ke cinye ƙarfen ciki. Mai caji kada a jira ta mutu ƙurmus kafin a sa ta. Na litiyom ba ya son zafi, kada a bar shi a rana ko kusa da tukubar tsire, in kuma ya kumbura a daina amfani da shi. Mataccen batir ba a jefa shi a wuta, ba a barin yara su fasa shi suna wasa. Kowace tocila ta samu wurin zamanta, ƙusa a bayan ƙofa ko gefen katifa, inda hannu zai kai ko cikin duhu. A sa rana ɗaya a mako, ko Juma'a ce, a danna kowace a gani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwalin nan kuma a zazzage shi. Wadda za ta gyaru a kai ta gyara a makon nan, a miƙa wa almajiri ko tsohuwar da ba ta da ko ɗaya. Wadda ba za ta gyaru ba, masu sayen tsofaffin ƙarafa na zagayawa kullum. Tsohuwar tocilar ƙarfe ta mahaifi ko ta kaka kuwa, wadda ya zo da ita daga gida lokacin da ya fara gadi ko fataucin goro, a cire mata batir, a goge ta, a ajiye wa jikoki su ga abin da aka yi aiki da shi aka gina gidan da suke ciki. Sauran ukun su kasance masu kamawa, tun damina ba ta kankama ba.