Dillalin intanet a ɗakin kwamfutar makaranta

A nan Sassumbrum intanet ɗinmu ta layin waya take zuwa, kuma kowane megabait da kuɗi ake sayensa. In yara goma suka buɗe shafi ɗaya a kwamfutoci daban-daban, sau goma aka biya. Wannan asarar ce ta sa na fara aiki da Squid.

Squid manhaja ce ta kyauta da kowa zai iya duba yadda aka rubuta ta, ya kuma gyara. Tun 1996 take, ta samo asali daga wani aikin bincike a Amurka mai suna Harvest. Aikinta na dillali ne: kwamfutocin ɗalibai ba sa fita intanet kai tsaye, sai su aika mata buƙata ta ƙofa mai lamba 3128, ita ta je ta kawo. Abin da ta kawo takan ajiye kwafinsa, wanda ya nema daga baya a ba shi na gida.

Na gwada ta a kan Windows da kuma Ubuntu. A Windows ana samun kunshin da wasu suka shirya, kuma malamin da ya saba da danna linzami zai fi sakewa. Amma gidan Squid na asali Linux ne da danginsa. A Ubuntu umarni ɗaya ke girka ta, saitinta duka yana cikin fayil ɗaya, squid.conf, kuma tsohuwar kwamfutar da aka jingine a kusurwa ta isa. Ga wani dalili kuma: an daina sabunta tsaron Windows 7 tun Janairun 2020, kuma irin kwamfutocin da ake kawo wa makarantun karkara kyauta galibi na wancan zamani ne. Ni dai ba zan ɗora mai gadin makaranta a kan ƙofar da ba ta da makulli ba. Ubuntu na zaɓa. Ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi ma tana ɗaukarta, kuma batirin sola na riƙe ta in wuta ta ɗauke.

Sai dai kada malamai su sa rai da yawa. Yawancin shafuka yanzu a rufe suke da HTTPS, Squid ba ta ganin cikinsu balle ta ajiye. Ragin kuɗin bai kai na da ba. Don karatu, Kiwix ta fi mini amfani, domin tana sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da intanet ba.

Inda Squid ta fi ƙarfi yanzu shi ne tsaron ƙofa. Tana iya hana wasu shafuka da sunansu, ta rufe Facebook da YouTube a lokacin darasi ta buɗe bayan an tashi. Iyaye, ku sani kuma tana rubuta duk shafin da kowace kwamfuta ta nema da lokacinsa. Akwai hanyar sa ta ta fasa HTTPS ta leƙa saƙonni, na ƙi kunna ta. Yarinyar da ta nemi bayani kan lafiyar jikinta bai kamata malamin lissafi ya karanta ba. Rajistar nan, a ganina, kwamitin iyaye ya kamata ya yanke wa zai gani da kwana nawa za a ajiye ta kafin a goge.