Mun Kwana Lafiya

A gaɓar yamma ta Kogin Nilu, wato reshen nan da yake gangarowa daga duwatsun Habasha, akwai ƙauyukan Hausawa da Fulani. Wanda ya fi suna shi ne Mai Wurno, kudu da Sinnar. Ya ci sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ja ragowar jama'a zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikokinsu suna nan har wa yau, suna noma, suna su.

A wani ƙauye kusa da can akwai wani saurayi mai lambun albasa a bakin ruwa. Yayarsa tana aure a Kano. Kiran waya da tsada, shi kuma ba mai yawan magana ba ne, saboda haka kowace safiya yakan tsaya a gindin wata darbejiya, ya ɗauki hoton rana sa'ad da take leƙowa daga ƙetaren kogi, ya aika mata. Ba ya rubuta kome a ƙarƙashin hoton. Ita kuwa ta san fassararsa: "Yaya, mun kwana lafiya."

Hotunan ba na gwaninta ba ne. Wani ya karkace, wani ƙura ta cinye shi. Na watan Agusta duk ruwa ne ja wur da lakar Habasha. Abokansa sukan yi masa ba'a, su ce, "Ranar jiya ce ta yau, me kake tarawa?" Yakan yi murmushi kawai, gama shi ma haka yake gani.

Sai yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilu na 2023. A Disamba ya ci Wad Madani, babban birnin Jazira, mutane suka yi ta kwararowa kudu da ƙullin kaya a ka. A Fabrairu na 2024 layukan waya suka ɗauke a yawancin ƙasar.

Safiyar farko ya je gindin darbejiyar, ya dubi wayar, ya mai da ita aljihu. Hoton da ba zai isa ko'ina ba, amfaninsa me? Ya wuce lambu. Amma yinin nan duka bai ji daɗin jikinsa ba, kamar wanda ya wuce dattijo bai gaishe shi ba. Kashegari ya ɗauka. Haka ya ci gaba, yana biyan mai kanti 'yan kuɗi domin ya sa masa caji da farantin hasken rana, a lokacin da kuɗin sukari ma ya gagara. Wanda ya ce wauta ce, ba za a ga laifinsa ba.

Bayan makonni masu yawa layi ya komo. Ya aika su duka a tashi ɗaya.

Mai karatu, ka tuna matar nan ta daɗe tana kwana da waya a ƙarƙashin matashi, tana jiran mugun labari. Ta zauna ta buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirga kwanaki da yatsa. A nan ne ta ga abin da shi bai taɓa lura da shi ba. A hoton farko rana ta fito ta hannun dama na wata doguwar bishiya a ƙetare. A na ƙarshe ta koma hagu da ita sosai. Kowace safiya tana ɗan gusawa arewa, kaɗan ƙwarai, har mai tsayawa a wurin kullum ba ya gani. Sai da aka jera kwanakin wuri ɗaya tafiyar ta bayyana.

Da suka sami yin magana ta faɗa masa wannan. Ya yi shiru, ya ce gobe zai duba. Sa'an nan ta ce, "Auta, kwana ɗaya babu. Na ƙirga sau uku. Me ya same ku ran nan?"

Ya ce, "Ba kome, Yaya. Na zaci ba mai jira ne."

Ta ce, "Kada ka ƙara."