Tagar Jirgin da Bai San Gimi Ba

"Baffa, yau zan kai ka ka ga jirgin ƙasa," in ji ɗan wana da ke karatu a Hambug, can arewacin Jamus. Na ce ni da na girma ina jin jiniyar jirgin Kano ta Likoro, wane jirgi ne zai burge ni? Dariya kawai ya yi.

Wani tsohon ginin jan bulo ya kai ni, a unguwar Speicherstadt, inda a da 'yan kasuwa ke jibge kofi da shayi da darduma a bakin ruwa. Sunan wurin Miniatur Wunderland. Wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe shi a 2001, suka cika shi da jiragen ƙasa 'yan mitsi-mitsi fiye da dubu, suna ta kai da kawo a kan dogon da ya haura kilomita 15. Kusan komai an raba girmansa sau 87. Dogo irin na Abuja zuwa Kaduna, mai faɗin milimita 1,435, a nan ya koma 16.5. Taragon fasinja kuwa wajen santimita 30 ne, kamar gaɓa biyu ta raken Makarfi.

Duk bayan minti 15 sai a rage hasken ɗakin, dare ya yi, fitilu su kama. A cikin wannan daren na ƙarya idona ya tsaya a kan tagogi. Wani jirgin ya wuce ka hango mutane zaune a ciki. Wani kuma ya wuce tagoginsa dishi-dishi, haske na fita amma ba ka ganin kowa.

Sirrin tagogin nan masu duhu yana gidan maƙwabcin yaron nan, wani dattijo ɗan fansho da ya mayar da ɗakin ƙasan gidansa tashar jirgi. Matarsa ta kawo mana kofi ta koma sama, da alama ta daɗe da sallama masa. Ya ɗauko tarago ɗaya, ya sa tsinken sakace ya ɓamɓare gangar jikin daga ƙafafun, ya zaro wani siririn zubin roba garai-garai wanda tagogin gefe ɗaya duka ke jiki. Shi ake rinawa, kuma ta ciki, don wajen ya ci gaba da sheƙi. Fentin wani ruwa-ruwa ne mai launin hayaƙi. A fesa shi sama-sama, a bari ya bushe, a ɗaga a duba da fitila, in bai yi ba a ƙara. Wanda ya yi garaje ya lafta, sai tagar ta zama bango.

Wata rana kuma ba ya taɓa fenti. Yana da ledar da masu wasan kwaikwayo ke sa wa fitilun dandali, da ragowar baƙar ledar gilashin mota, har da wutsiyar tsohon fim ɗin kyamara. Ya yanka da reza daidai layin tagogin, ya ɗora ta baya. Da na tambayi abin da yake mannawa da shi, sai ya jawo wani tarago daga ƙasan akwati, tagoginsa fari fat kamar idon mai yana. Supa gulu ne ya yi masa haka, tururinsa ke sa robar ta yi fari. Tun daga ranar farin gam na kafinta yake ɗigawa da bakin allura, shi in ya bushe ba a ganinsa.

Na ce wa yaron ya tambaye shi, duk wannan wahala don me? Dalilin farko na littafi ne: taragu masu na'urar sanyaya ɗaki, irin na Amtrak a Amurka, da gilashi mai duhu ake ƙera su saboda rana, to kwaikwayo sai ya bi asali. Na biyun sai da ya sassauta murya. Tarago mai araha ba kujera a cikinsa, balle fasinja, kuma fentin mutum hamsin da ba su kai ƙwayar wake biyu ba aikin mako ne. Duhun rufin asiri ne.

A nan ra'ayinmu ya rabu, ko da yake ban faɗa masa ba. Jirgin da na sani, wanda dogonsa ya isa Kano a 1911, tagarsa kasuwa ce. Ya tsaya a tashar Gimi kafin ya huce an yi masa caa: rake, mazarƙwaila, dafaffen ƙwai, gyaɗa. Hannu ya leƙo da kuɗi, faranti ya tashi sama, wani lokacin jirgi ya ja mai talla na bin canjinta da gudu. Mu ma muna yara, da muke jona gwangwanayen kifi da waya, marafan kwalba su ne ƙafafu, da ƙusa muke huda tagogi, kuma ba ma barin tarago haka nan. Fara muke kamowa mu cusa, mu ce 'yan Kano ne.

Da za mu tafi dattijon ya ba ni yanki ɗaya na baƙar ledar nan a cikin ambulan. Na dawo da ita, na kai wa wani jikan yayata a Kudan, gwanin motar kara, wanda ke fere ɓargon karan dawa ya yi wa tirela taya goma sha takwas. Ya kara ta a ido ya kalli rana, ya gwada ta a gaban motar, ta zauna ɗas. Ya ja motar har bakin zaure ya dawo, sai na ga yana cirewa.

"Me ya faru?"

"Kaka, ba ni da takardar gilashi. 'Yan sanda za su tare ta a Hunkuyi."