Tazara ɗaya a sunan folda tana iya cinye maka hotunan shekara biyar

Yau zan zagaya da kai bayan teburin mai gyara, wajen baƙin allon nan da kake gani muna rubutu a kwamfuta kafin mu yi wa waya filashin. Na san za ka ce ina ruwanka, kai dai a gyara maka wayarka. To da ruwanka fa, domin a daidai wannan lokacin hotunan bikinka, da saƙonnin murya da ka adana, da hoton takardar gonarka, duk a kan layi ɗaya na rubutu suke rataye.

Filashin yana share komai. Shi ya sa mai gyara na kirki, in dai wayar tana kunnuwa, yake fara kwashe kayanka zuwa kwamfuta. Da yawanmu muna yin haka ne da adb, wata 'yar manhajar Google da ke cikin Platform-Tools. Ba ta da maɓallin dannawa, umarni ake rubuta mata bayan an kunna USB debugging a wayar. Misali:

adb pull /sdcard/DCIM C:\Hotuna

Ma'ana, adb, jawo foldar kyamara ki zuba a foldar Hotuna. Kalma huɗu ke nan, kuma tazarar da ke tsakaninsu ce ta raba su.

Abin da Windows ke yi shi ne ya miƙa wa manhaja layin gaba ɗaya a matsayin dogon zare guda, ita manhajar ce za ta yanyanka shi, kuma duk inda ta ga tazara nan take sa wuƙa. In ka tsaya bakin titi a nan Zauro ka ce wa direba Birnin Kebbi, ya san gari ɗaya kake nufi. Kwamfuta kuwa gari biyu ta ji, wani Birnin, wani Kebbi. Don haka idan sunan foldar Hotunan Alhaji ne, aka rubuta shi haka nan tsirara, adb za ta ɗauka an ce ta jawo abu biyu ta zuba a wani wuri mai suna Alhaji. Babu wannan wurin, sai ta ƙi aikin, ta rubuta layi ɗaya na Turanci ta yi shiru. Wanda ke cikin sauri, ga mutane tsaye a kansa, ga cajin laftof na neman ƙarewa, yana iya ɗaukar shirun nan a matsayin an gama. Na sha karɓar wayar da aka yi wa filashin a wani wuri, an ce wa mai ita an ajiye masa komai, da aka buɗe folda wayam. Wannan ɗaya ce daga hanyoyin da irin haka ke faruwa.

Maganin ba wuya. A rufe sunan da alamar zancen wani, wato 'yan sandunan nan biyu na sama:

adb pull /sdcard/DCIM "C:\Hotunan Alhaji"

Yanzu duk abin da ke tsakanin alamomin abu guda ne. Amma akwai wani tarko a nan da ko masu karatun kwamfuta yake kamawa. Idan ka ƙara karkatacciyar sandar nan (\) a ƙarshen sunan, dab da alamar rufewa, dokar Windows ta ce sandar ta kashe ƙarfin alamar, ta mayar da ita harafi kamar kowane harafi. Ke nan ƙofar da ka buɗe ba ta rufe ba, duk abin da ka rubuta bayanta zai afka cikin sunan foldar. Ko dai ka cire sandar, ko ka sa guda biyu. Ni cirewa nake yi.

Kada ka ce ai sai a guji sa tazara. A foldar da ka ƙirƙira da kanka, i, ni ma Hotunan_Alhaji nake rubutawa. Amma WhatsApp da kansa sunayen foldojinsa da tazara suke: WhatsApp Images, WhatsApp Video, WhatsApp Voice Notes. A wayoyi masu Android 11 zuwa sama za ka same su a cikin Android/media/com.whatsapp, kuma nan ne rabin rayuwar mutanenmu take, har lissafin buhunan shinkafa da aka yi ta saƙon murya. Sannan idan umarnin adb shell ne, wato wanda za a aiwatar a cikin wayar kanta, sau biyu ake yanka layin. Windows ya cire alamominka, wayar kuma ta sake yanka abin da ya iso mata. Dole sai ka sa alama cikin alama, mai sanda ɗaya a cikin mai sanda biyu.

Kai da ba mai gyara ba, abin da ya rage gare ka kaɗan ne. Kafin a taɓa filashin, ka ce a buɗe maka foldar a kwamfuta, ka ga yawan fayil ɗin, ka buɗe hoto biyu ko uku da idonka. Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Yankan layin nan shi ya kai ni ga magana ta biyu. Da na fara koyon yaren C# don in haɗa 'yar manhajar da za ta sauƙaƙa wa yaran shago kwashe kaya, sai na buƙaci ta riƙa yanka layin umarni daidai yadda Windows ke yi. Ashe Windows yana da ma'aikacin da ke wannan aikin, sunansa CommandLineToArgvW, yana cikin fayil ɗin Shell32.dll. Ka ba shi layi, ya ba ka gunduwa-gunduwa. Sai dai a ina ya zuba gunduwoyin? A wani yanki na RAM da ya aro maka, kuma bayanin Microsoft ya faɗa ƙarara cewa kai za ka mayar da yankin, ta hanyar kiran LocalFree.

Bari in raba maka abu biyu da muke kira memori. Akwai ma'ajiya, inda hotuna ke kwana ko an kashe waya. Akwai RAM, teburin aiki, wanda ake sharewa da zarar an kashe. Maganar RAM nake yi.

C# yana da mai shara na kansa, wanda ke bi yana kwashe abin da manhaja ta gama amfani da shi. Kamar yaron mai shayi ne, ya san kofi nawa ya kawo shagonka, zai dawo ya tattara su ko ba ka kira shi ba. Amma kwanon da ka aro a gidan maƙwabci ba ya cikin lissafinsa, zai tsallake shi ya wuce. Yankin da Windows ya aro maka shi ne kwanon maƙwabci. Tsarin kuwa ba ya canzawa: ka fara kwafe gunduwoyin zuwa ɓangaren da mai shara ke kula da shi, da Marshal.PtrToStringUni, sannan ka kira LocalFree sau ɗaya tak, a cikin finally, domin ko aikin ya watse a tsakiya a mayar da kayan aro. In ka mayar kafin ka kwafe, shirme za ka karanto. In ka mayar sau biyu, manhajar na iya faɗuwa. In ba ka mayar ba sam, ba abin da za ka gani yau, don yankin ɗan mitsitsi ne. Sai manhajar ta wuni a buɗe tana ara ba ta mayarwa, RAM ya riƙa yoyo kamar randa mai tsaga.

Wayarka ma haka take. Manhajojin Android suna da mai shara, amma da yawansu, musamman wasanni da masu sarrafa bidiyo, suna da ɓangaren da aka rubuta da C ko C++, inda mai rubutun ne zai mayar da abin da ya ara. Idan ya yi sakaci, wayar da za ta fi jin jiki ita ce irin wadda aka fi kawo mini, Tecno da itel da Infinix masu RAM giga 2 ko 3. Da safe garau, da la'asar ta fara nauyi, ka fita daga wata manhaja ka dawo ka tarar ta fara daga farko, saboda Android ya kashe ta don ya samu wuri.

Ni dai ban ga amfanin manhajojin nan masu hoton tsintsiya ko roka ba. Ba su da ikon shiga cikin wata manhaja su mayar mata da abin da ta ara, kuma daga Android 14 na 2023 an ma hana kowace manhaja kashe aikin wata a bayan fage. Talla kawai suke cika maka, su ma su ci nasu RAM ɗin. Abin da ke aiki shi ne rufe mai yoyon gaba ɗaya, domin da zarar manhaja ta mutu, tsarin waya yana ƙwace duk abin da ke hannunta. Shiga Settings, Apps, zaɓe ta, danna Force stop, ko ka kashe wayar ka kunna. In kana son gano mai laifin, danna Build number sau 7 don buɗe Developer options, ka shiga Running services, ka duba lambar kowace manhaja da safe, ka sake dubawa da yamma. Wadda lambarta ke hawa kullum ba ta sauka, ka sabunta ta a Play Store, in ba ta daina ba ka nemi madadinta.