Abin da Zaɓen 'Yan Wasa Sha Ɗaya Ya Koya Mini

Wanda bai taɓa riƙe biro ya rubuta sunayen yara sha ɗaya, ya bar sauran a benci ba, da wuya ya san nauyin da ke wuyan koci. Ni na ɗanɗana, ko da yake a ƙaramin fage. Na yi shekaru ina horar da ƙungiyar samarin unguwarmu a filin wata firamare, kuma tun daga nan nake kallon Super Eagles da wani ido daban da na abokaina na gidan kallo.

Ba ranar wasa ake shan wahala ba, a jajibiri ake shan ta. Alhajin da ya saya mana riguna zai aiko a kira ni, bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam, ɗan wajen ƙanwata fa, a duba shi." Ga yaron da ba ya fashin atisaye amma ƙafarsa ba ta nuna ba, ga gwanin da sai ranar wasa ake ganin ƙeyarsa. Duk wanda ka ajiye, akwai gidan da za a kwana ana yi da kai. In an ci wasa, babu mai tambayar wa ka saka. In an sha kashi kuwa, wanda ya zauna a benci shi ne gwarzo a bakin kowa, domin ƙwallo ba ta tona masa asiri ba.

Haka abin yake a sama. A 2013 an yi wa kocin Super Eagles, marigayi Stephen Keshi, ca saboda ya bar Osaze Odemwingie ya ɗauki 'yan wasan gida, sai ga Sunday Mba, ɗaya daga cikinsu, ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe, Najeriya ta ɗauki kofin Afirka. A kofin Afirka da aka buga a 2024 mutane da yawa ba su san Stanley Nwabali ba lokacin da Jose Peseiro ya ba shi raga, amma shi ya tare fenariti biyu a karawa da Afirka ta Kudu. Da waɗannan zaɓuɓɓuka sun ƙi ci, da har yau ana kiransu son kai.

Abu na biyu ya fi yi mini ciwo. Akwai ranar da aka fitar da mu daga gasar unguwanni da ƙwallo ɗaya da ta suɓuce wa golanmu, yaro ɗan shekara sha shida. Bayan an watse na same shi a bayan aji, ya cire safar hannu yana kallon ƙasa, yara na leƙe suna yi masa ihu. 'Yan gabanmu sun ɓarar da dama ta fi a ƙirga, amma shi kaɗai aka riƙe. Ya daɗe bai dawo fili ba.

Shi ya faɗo mini a rai a watan Janairun 2022, lokacin da Najeriya ta ci wasanninta uku na rukuni a kofin Afirka a Garwa ta Kamaru, sannan Tunisiya ta fitar da ita da ci ɗaya mai ban haushi. Gola Maduka Okoye aka ɗora wa jakar tsaba, aka bi shi da zagi da barazana a intanet. Wata biyu bayan nan, ranar 29 ga Maris a Abuja, a wasan neman gurbin kofin duniya da Ghana, bugun Thomas Partey ya wuce ta ƙarƙashin golanmu Francis Uzoho. Troost-Ekong ya rama da fenariti, aka tashi ɗaya da ɗaya, Ghana ta tafi Ƙatar da dokar ƙwallon waje, 'yan kallo suka afka fili suna farfasa kaya. An manta cewa a karon farko a Kumasi ma, wasa guda cur, ba mu jefa ko ɗaya ba.

Sai maganar makomar koci, wadda kullum ita ce ta farko a bakin majalisa: "A kore shi kawai!" Gernot Rohr ya riƙe ƙungiyar tun 2016, ya kai ta kofin duniya a Rasha a 2018, ya zo na uku a kofin Afirka na 2019. Wasansa ya gundiri mutane, gaskiya ne, amma hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta sallame shi a Disambar 2021, saura 'yan makonni a fara kofin Afirka. Augustine Eguavoen ya karɓa, ya tafi bayan wasan Ghana. Peseiro ya kai mu wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan, shi ma ya wuce. Finidi George bai cika wata biyu ba ya ajiye, bayan Benin ta doke mu biyu da ɗaya a Yunin 2024. Wa ke jagorantar Benin a ranar? Rohr ɗin da muka kora. Garin neman gira muka rasa ido.

Ba ina cewa koci ya fi ƙarfin tuhuma ba ne. Wanda ya sa ɗan gata ya bar mai ƙoƙari, ko ya yi shekaru ƙungiya ba ta da alƙibla, ya cancanci a raba shi da aikin. Amma hukuncin da aka yanke a daren shan kashi, zuciya na tafasa, da wuya ya zo daidai. A unguwa na koyi ba na sauya jeri sai na kwana biyu, kuma ba na tsawata wa yaro a gaban jama'a.

Saboda haka, ɗan'uwa mai kallo, in an sake doke mu, ka yi fushinka, haƙƙinka ne. Amma kafin ka ɗauki waya ka zagi gola ko ka nemi a kori koci, ka tambayi waɗanda suka ɗauke shi aiki wane shiri suka yi, sun biya shi albashinsa, kuma wa suka tanada ya gaje shi. Su ma su fito su ba da amsa.