Awakin Cikin Littafi Ba Su Gudu

Yau ina so mu yi magana a kan abin da yawancinmu muka bar wa malamin makaranta shi kaɗai, watau koya wa yara ƙanana lissafi.

Sau da yawa za ki ji uwa tana murna, wai ɗanta ya iya ƙirga har 20. To, zuba masa gyaɗa 6 a faifai ki ce ya ƙirga. Sai ki ga ya tsallake wata, ya taɓa wata sau biyu, ya ce miki goma ne. Wannan yaro waƙa ya haddace, bai iya ƙirga ba tukuna. Ƙirga ta gaskiya ita ce yatsa ya taɓa abu ɗaya, baki ya faɗi lamba ɗaya, kuma yaro ya gane lambar da ya faɗa daga ƙarshe ita ce yawan abin duka.

A nan littafi mai hotuna yake da amfani. Awakin tsakar gida ba su tsayawa a ƙirga su, gyaɗa kuwa kafin a kai uku ta shige baki. Amma akuyar cikin littafi tana nan inda aka bar ta, yau da gobe.

Haka nake yi da 'yar ƙanwata mai shekara huɗu a gidanmu nan Kazaure. Bayan la'asar sai in ɗora ta a cinya, mu buɗe shafi mai awaki biyar. In kama yatsanta mu bi su ɗai-ɗai. In tambaye ta, wace ce babba, wace ce a gaba, da awaki da kaji su wa suka fi yawa? Sa'an nan in rufe akuya guda da tafin hannu, in ce ta tafi kiwo, saura nawa? Wannan shi ne ɗebewa. Ran da na rufe su duka, ta dube ni ta ce, "Babu!" Abin da malamai ke kira sifili ke nan, ta gane shi tun ba ta san alli ba. Shafi biyu sun isa a zama ɗaya. In yaro ya gaji a ƙyale shi, ba a haɗa littafi da bulala.

Ki yi masa da Hausa, don Hausa da kanta tana koyar da lissafi. "Goma sha ɗaya" ai ta faɗi abin da ke cikinta. Tsofaffinmu kuma da suke ce wa 19 "ashirin babu ɗaya", ɗebewa suke yi. Masana ma sun ga amfanin haka. Daga 1 ga wannan misali: a 2015 aka soma wani shiri mai suna RANA a makarantun Zamfara da na maƙwabtanmu Katsina, da taimakon UNICEF, inda malamai suka riƙa karanta wa yara labaru da Hausa masu lissafi a ciki.

Kada ki ce ke ba ki yi nisa a boko ba. Macen da ke auna mudu, ta riƙe adashi, ta raba nama ga mutum goma sha biyu ba a yi faɗa ba, ta isa malama. In babu kuɗin littafi, nemi kwali da tsohuwar kalanda, yanko hotuna ki manna: shafin fari tulu ɗaya, na biyu kaji biyu, har goma. Ki ɗinke gefe da zare da allura.

Ku kuma 'yan makaranta, ko kuna Roni, ko Gwiwa, ko Ɓaɓura, ƙannenku na hannunku. Ku zana musu da fensir ɗinku.

Abin ba wasa ba ne. Yarinyar da ba ta iya ƙirga ba ita ake cuta wajen canji in an aike ta, ta komo gida kuma ta sha duka. Ita ce in ta shiga aji ɗaya take tsoron lissafi har ta tsani makaranta. Gobe kuma ita ce uwar da za ta auna wa jaririnta magani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya raya mana su, amin. Sai mako mai zuwa.