Zamanin da Muke Kwashe Saƙo daga Kwamfuta zuwa Waya

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001, amma ta daɗe ba ta da wani aiki sai kira da tes. Hirar intanet a cikin kwamfuta take, ita kuma kwamfutar tana shagon intanet da ake kira kafe. Duk wanda aka aiko wa saƙo ta Yahoo Messenger, sai ya tako da ƙafarsa ya sayi awa kafin ya gani. A tsakiyar shekarun 2000 ina aiki a wani kafe da ke kusa da Kantin Kwari a Kano, kuma a nan ne cike wannan giɓin ya zame mana sana'a.

Akwai wani Alhaji mai sayar da shadda da leshi, ƙaninsa na zaune a Dubai yana yi masa saro. Kiran ƙasar waje tsada ne da shi, shi kuwa Alhaji ba zai bar shago ya zo ya zauna gaban kwamfuta ba. Sai muka buɗe masa adireshi, ya ba ni lambar sirrin, ya ce, "Malam, ga amana nan. Duk abin da yaron nan ya rubuto, ka turo mini a waya."

Kullum da safe, ko akwai wuta ko sai an tada inji, nakan buɗe masa. Dubai ta riga mu da awa uku, saboda haka kafin mu karya kumallo ƙanin ya gama zaga kasuwa. Da na ji ƙarar shigowar saƙo sai in ɗauki Nokia ɗina in fara kwafa. Tes ɗaya haruffa 160 ne, kuɗinsa a lokacin naira 15, don haka dole a yi tsimi: in rage gaisuwa, in bar sunan kaya da launi da farashi da adadin dila. Harafin "s" kaɗai sai an danna lamba 7 sau huɗu. Farashi kuwa sai na karanta sau biyu kafin in tura, domin sifili ɗaya na iya karya ɗan kasuwa. In Alhaji ya amince, sai ya yi mini filashin sau biyu. In da magana, ya turo yaron shago da 'yar takarda.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai iyayen ɗalibai da ke karatu a Sudan da Masar, da matan da mazajensu ke Saudiyya. Mun riƙe sirrin gidaje da yawa, mun isar da albishir na haihuwa, mun kuma ajiye waya mun taka har ƙofar gida in saƙon na rasuwa ne.

Wajejen ƙarshen shekarun 2000 sai ga eBuddy da Nimbuzz, manhajojin da ake sa wa ƙananan wayoyi su riƙa jawo hirar Yahoo kai tsaye. Da hannuna na sa wa yaron shagon Alhaji, ina sane da cewa cinikina nake ragewa, kuma na yi murna. Bayansu 2go da BlackBerry suka yi tashe. A 2013 WhatsApp ya kawo saƙon murya, a 2018 kuma aka rufe Yahoo Messenger ɗungurum.

A ganina, wannan hijira da saƙo ya yi daga tebur zuwa aljihu ita ce ta kai intanet ga talaka. Kafe na ɗan boko ne mai lokacin zama, waya kuwa ta kowa ce. Yau ɗan kasuwar da bai taɓa taɓa kwamfuta ba yana jin muryar mai yi masa saro, ya ga hoton kaya, ya taya da bakinsa, kuma sirrinsa bai bi ta hannun kowa ba.